Tambaya Da Amsa: Na Hango Bishiyar Da Nisa, Ashe Jirgin Ya Riga Ya Shige Cikinta

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni sana'ata ɗaukar bidiyon biki a Zariya, shekara huɗu kenan ina ƙarƙashin ogana. Bayan babbar sallah oga ya sayo ɗan jirgin nan mara matuƙi da ake cewa diron ya damƙa min, na yi ta koyo a filin ƙwallo har hannuna ya faɗa. To ranar wani ɗaurin aure ina bin motocin angwaye da shi ta sama, idona na kan sikirin ɗin waya, wallahi Malam na hango darbejiyar nan da sauran tazara, na saki sandar rimot don ya tsaya, kawai sai ƙarar farfela na ji cikin ganye yara suka sa ihu. Farfela biyu sun karye, gilashin kyamara ya tsage. Oga ya ce sakaci ne wai hankalina na wajen ƙawayen amarya, ƙanena kuma mai buga gem a waya ya ce ba laifina ba ne hoton ne ke zuwa a makare. Ni dai in da a makare yake zuwa ai da na lura, a idona daidai yake tafiya da hannuna. Dan Allah idona ne ko na'urar ce? Kuma in a ɗan wannan tazarar da ba ta kai tsawon layinmu ba hoto yana makara, su waɗanda ake cewa suna tuƙa mota a duniyar Mars daga nan ya suke yi?
Mai ɗaukar bidiyo, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya mayar da alheri. Ƙanenka ya fi oga kusa da gaskiya, amma kada ka yi saurin kai wa oga wannan shafin, don kai ma da naka kason a ciki, za mu zo wajen.

Abin da kake gani a sikirin ba yanzu ba ne, ɗazu ne. Kuma ba nisa ne ya jawo ba, saƙon rediyo yana gudun kilomita 300,000 a sakan ɗaya, tsawon layinku ba komai ba ne a wajensa. Inda lokacin ke tafiya shi ne sai kyamara ta ɗauki hoton, sai wata 'yar kwamfuta a cikin jirgin ta matse shi ya ƙanƙance don ya iya bin iska, rimot ya karɓa ya miƙa wa waya, waya ta warware shi sannan ta zuba a sikirin, kowane hannu da hoton ya bi sai ya ɗan tsakura. In ka tsaga sakan ɗaya gida dubu kowane tsagi sunansa milisakan, to irin waɗannan jiragen na ɗaukar hoto ko komai lafiya lau yake hotonsu kan makara da wajen milisakan 100 zuwa 200.

Za ka ce wannan ai ƙiftawar ido ce. To zo mu yi lissafi. A ce kana bin mota mai gudun kilomita 36 a awa, wato mita 10 kowane sakan. Hoto ya makara da milisakan 200, jirgi ya riga ya ci mita 2 da ba ka gani ba. Kai kanka tsakanin idonka ya gani da yatsanka ya motsa akwai wajen rubu'in sakan, kowane ɗan adam haka yake ba kai kaɗai ba, ga wasu mita 2 da rabi sun tafi. Jirgin kuma ba tsayawa yake cak ba sai ya ɗan zarce. Sannan kyamarorin nan masu faɗin gani suna nesanta abu, bishiyar da ke gab da kai sai ta yi kamar tana can. Ka haɗa duka ka ga sakin sandar da ka yi ihu ne bayan hari.

Yanzu ga ainihin tambayarka, me ya sa ba ka lura ba. Bari in ba ka labarin kaina. Wata damina iska ta juya mana dish, na hau kan kwano da sifana a aljihu, yarona yana falo yana kallon layin siginal a talabijin taga a buɗe. Ina juyawa a hankali sai in ji ya ƙwalla “ya kawo Baba!”, in tsaya, kafin in zaro sifanar sai in ji “ya ɗauke”. In komo baya, “ya kawo!”, in tsaya, “ya ɗauke”. Na yi ta lilo hagu da dama rana na dukana har na fara yi wa yaron faɗa wai wasa yake, alhali dikoda ce sai ta ɗan ɗau lokaci kafin ta nuna, shi ma sai ya gani kafin ya buɗe baki, lokacin da muryarsa ta iso kan kwano ni na riga na wuce wurin. Ban ci nasara ba sai da na koma in taɓa kaɗan in cire hannu in ƙirga uku, in sake taɓawa. Abin lura shi ne ina kan kwanon nan ko sau ɗaya bai zo min a rai cewa jinkiri ne matsalar ba, na zargi yaro, na zargi dish, har kusoshi na zarga. Haka abin yake, mai riƙe da na'ura ba ya cewa “hoto ya makara”, cewa yake yi “abin nan ba ya jin magana”.

Dalili kuwa ƙwaƙwalwa ba jiran ido take yi ba. Duk sanda ta tura wa hannu umarni tana ajiye hasashen abin da zai biyo baya, kuma in sakamakon ya riƙa zuwa da ɗan lattin da bai canzawa, sai ta gyara agogonta a ɓoye ta haɗe su ta ce maka lokaci ɗaya suka faru. An gwada wannan. A 2006 David Eagleman da abokan aikinsa a Houston ta Amurka sun sa mutane suna danna maɓalli wuta na kawowa, amma suka saka jinkirin milisakan 100 a tsakani. Ba a jima ba mutanen suka saba. Da aka janye jinkirin ba tare da an faɗa musu ba, sai suka riƙa cewa wutar ta riga su, wai ta kawo kafin su danna. Ka ji fa. Wato kwanakin da ka yi a filin ƙwallo ba hannunka kaɗai ne ya faɗa ba, ƙwaƙwalwarka ma ta haɗiye jinkirin jirgin har ka daina ganinsa.

Akwai wani gwajin da ya fi ba ni dariya. Ka san mutum ba ya iya yi wa kansa cakulkuli, saboda ƙwaƙwalwa ta riga ta san taɓawar na zuwa sai ta rage mata ƙarfi. A Landan, a 1999, Sarah-Jayne Blakemore da abokan aikinta suka haɗa wata na'ura, kana motsa ta da hannun hagu ita kuma tana shafa maka tafin hannun dama da soso. In babu jinkiri ba ka jin wani cakulkuli sosai. Da suka saka jinkirin milisakan 100, 200, 300, sai cakulkulin ya riƙa ƙaruwa, hannunka ne ke yi amma jikinka ya fara ɗaukarsa kamar hannun wani. To matuƙin na'ura daga nesa ma haka yake ji in jinkiri ya yi yawa, sai abin ya fita daga jikinsa, ya zama kamar yana roƙon wani ya yi masa.

Sabo yana yiwuwa ne fa in jinkirin a tsaye yake. Wanda ke kashe mutum shi ne mai hawa da sauka, yanzu milisakan 120 an jima 400 sai hoto ya ɗan daskare ya yi tsalle. Kuma ina kyautata zaton abin da ya same ka kenan. Filin ƙwallo fili ne fetal ba kowa, wurin ɗaurin aure kuwa ɗaruruwan wayoyi ne, wasu sun kunna hotsifot, ga gidaje da bishiyoyi sun shiga tsakaninka da jirgin, ga wayarka ta sha rana ta yi zafi, waya kuma in ta yi zafi rage wa kanta gudu take yi. Hannunka yana aiki da agogon filin ƙwallo, jirgin yana kan wani agogon daban.

Su ma manyan ba su tsira ba. Jiragen yaƙin Amurka marasa matuƙa irin MQ-9, waɗanda mutanen Agadez suka saba gani kafin sojojin Amurka su tattara su bar sansanin a 2024, sau da yawa matuƙinsu yana zaune ne a Amurka saƙo na bi ta tauraron ɗan adam. Irin tauraron da dish ɗinmu ke kallo yana can sama a nisan kilomita 35,786, hawa da sauka kawai kusan rubu'in sakan ne, umarni ya je hoto ya dawo rabin sakan ya tafi tun ba a sa lissafin sauran na'urori ba, in an haɗa duka yakan haura sakan ɗaya. A sararin sama wannan ba damuwa, babu darbejiya a can. Amma tashi da sauka an daɗe ana barin su a hannun wasu matuƙan da ke nan filin jirgin da rediyo kai tsaye, don sauka ba ta jiran sakan ɗaya.

Dabarata ta kan kwano kuwa ashe tana da tarihi. A 1965 wani mai bincike William Ferrell a jami'ar MIT ta Amurka ya ba mutane hannun ƙarfe su ɗauki abu da shi daga nesa, ya saka jinkiri, sai ya ga ba wanda ya koya musu amma kowa ya koma motsa kaɗan, tsaya, duba, sake motsawa. Tafiyar hawainiya dai. Aiki yana yiwuwa, sai dai yana cin lokaci kuma yana gajiyar da mutum ba kaɗan ba.

Da wannan tafiyar aka tuƙa mota a kan wata. Ranar 17 ga Nuwamba 1970 Tarayyar Sobiyet ta sauke Lunokhod 1, mota mai taya takwas, masu tuƙa ta suna zaune a wata cibiya kusa da Simferopol a yankin Kirimiya. Wata yana nesa da mu da kilomita 384,400, saƙo ya je ya dawo sakan biyu da rabi. Wannan ma da sauƙi, babbar wahalar ita ce hoton ba bidiyo ba ne mai gudana, hoto ɗaya ne zai fito ya tsaya, wani lokaci har sakan 20 kafin na gaba ya zo, motar kuma tana tafiya a tsakanin. Ka ƙaddara kana tuƙi a hanyar ƙauye mai ramuka, ka buɗe ido ka rufe, ka yi ta tafiya a rufe kana ƙirge kafin a ce ka sake buɗewa. Ga kyamarorin a ƙasa-ƙasa suke, dutsen da ka gani a hoton baya a hoton gaba ya ɓace, ba wai ya tafi ba ne, yana gab da taya. Shi ya sa mutum biyar ne ke kan motar a lokaci guda, kwamanda, direba, mai duba hanya, injiniya da mai saita eriya. Gudunta bai wuce kilomita 2 a awa ba, a wata goma ta yi kilomita 10 da rabi. Da za su tura ta biyu a Janairun 1973 sai suka ƙara kyamara a sama daidai tsayin mutum, hoto kuma ya riƙa zuwa da sauri, wannan ta yi wajen kilomita 39 a wata huɗu.

Mars kuwa maganar tuƙi da sanda ma ba ta taso ba. Gwargwadon inda duniyoyin biyu suke, saƙo yana ɗaukar minti 3 zuwa 22 zuwa kawai, ban da dawowa. Ranar 18 ga Fabrairu 2021 da motar Perseverance za ta sauka jinkirin minti 11 ne da 'yan kai, saukar kuma gaba ɗayanta minti 7 ce, wato lokacin da injiniyoyin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, a Kalifoniya suka sami labarin ta shiga iskar Mars, ita ta riga ta yi wajen minti huɗu a ƙasa, ko lafiya ko a tarwatse, suna tafi ne a kan abin da ya riga ya wuce. Abin da suke yi shi ne su duba hotunan da ta turo, su tsara aikin yini guda su tura mata a dunƙule, je ki wajen dutsen can ki ɗau hoto ki tono ƙasa, ita kuma da kyamarorinta da kwamfutarta take kauce wa ramuka da kanta. Ya fi kama da aiken yaro kasuwa da takarda a hannu, ba tuƙi ba.

To kason naka. Ka kafe ido a waya ka bar jirgin ba mai kallonsa, nan ne oga yake da gaskiya ko da dalilin da ya kawo ba shi ba ne. Ka samu yaro ya tsaya kusa da kai aikinsa kawai ya kalli jirgin da idonsa, don idonsa ba ya bi ta dikoda. Kusa da bishiya ko wayar wuta ka sa shi a mafi ƙarancin gudu, in ka ga hoto ya fara tsalle ka saki sanda nan take ba sai ka hango wani abu ba, kuma ka daina ratsawa da shi ta kan kawunan jama'a, farfelar nan tana yanka. In kana so oga ya gani da idonsa, ka kunna jirgin a ƙasa ba tare da ya tashi ba, ka tsaya gaban kyamarar ka tafa hannu shi yana kallon sikirin, zai ji tafin kafin ya ga hannayen sun haɗu.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin jinya a Kano. Malaminmu ya ce an taɓa yi wa wata mata tiyata tana Faransa likitan yana Amurka. Ni abin ya ɗaure min kai, don ko kiran WhatsApp da yayata da ke Jidda sai mu yi ta cin karo, in yi shiru ta yi shiru sai kuma mu fara tare. Da irin wannan za a riƙe wuƙa a cikin mutum?
Ɗalibar jinya, Kano

AMSA: Lafiya lau ƙanwata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Malaminku bai ƙara gishiri ba. Ranar 7 ga Satumba 2001 Farfesa Jacques Marescaux yana zaune a New York ya cire wa wata mata mai shekara 68 maɗaciya tana kwance a asibiti a Strasbourg ta Faransa, da hannayen wata na'ura mai suna ZEUS, aikin bai kai awa ɗaya ba kuma ta warke ta koma gida.

Amma ba da irin layinki da yayarki aka yi ba. Kamfanin France Télécom ne ya ware musu layin faiba na musamman, wato waya mai ɗaukar saƙo da haske, da ya bi ta ƙarƙashin teku, ba tauraro ba, zuwa da dawowa wajen kilomita 14,000, kuma jinkirin duka daga motsin hannunsa zuwa ya ga sakamakon a sikirin milisakan 155 ne. Kusan rabinsa ne kawai na tafiyar hanya, don haske a cikin faiba yana yin wajen kilomita 200,000 a sakan, sauran na matse hoto da warware shi ne, irin dai na mai bidiyon Zariya. Tun kafin ranar sun yi gwaje-gwaje sun tsayar cewa in ya haura wajen milisakan 330 likita ba zai yi aiki da natsuwa ba. Muhimmin abu kuma jinkirin a tsaye yake ba ya rawa, hannun likita zai iya sabawa da shi. Duk da haka akwai likitoci a tsaye a kan matar a Strasbourg, ko da layi zai yanke su karɓa.

Cin karon da kuke yi da yaya kuwa, mutane in suna hira tazarar da ke tsakanin wannan ya rufe baki wancan ya buɗe wajen milisakan 200 ce kawai, shi ya sa hukumar sadarwa ta duniya ITU ta ba da shawarar kada jinkirin murya ya wuce milisakan 150 a zuwa kawai in ana son hira ta tafi daidai. In ya wuce sai kunnenki ya fassara shirun da cewa ta ba ki fili, ita ma can haka, ku taso tare. Har akan ji haushi ma, a ce wance tana katse mutum ko tana jan aji kafin ta amsa, alhali layi ne.

Ni a ganina a wajenmu abin da zai fi amfani nan kusa ba wuƙa daga nesa ba ce, ƙwararre ne ya kalli hoton ko bidiyon daga inda yake ya ba likitan da ke kan mara lafiya shawara, wannan ko jinkirin sakan biyu ba zai ɓata shi ba, kuma in wuta ta ɗauke hannun da ke riƙe da wuƙar yana nan cikin ɗakin.

TAMBAYA: Malam ni dattijo ne, ina yawan buga waya gidan rediyo a shirin safe. A gida magana ta ba ta sarƙewa, amma da na shiga layi na ji muryata a rediyo sai harshena ya harɗe, jikokina suna min dariya wai tsoro ne.
Mai sauraro, Maraɗi

AMSA: Baba ba tsoro ba ne, ku gaya wa jikokin su zo su gwada. Mai magana yana sauraron kansa ne yana gyarawa ba tare da ya sani ba, in muryarsa ta dawo masa a makare sai baki da kunne su saɓa, ya fara jan kalma yana maimaita gaɓa. Tun 1950 wani Ba'amurke Bernard Lee ya nuna haka da na'urar naɗar murya, kuma ya fi tsanani in lattin ya kai wajen milisakan 200, lafiyayyen mutum sai ya koma kamar mai in'ina. Shi ya sa mai gabatarwa ke cewa a rage muryar rediyo, ba don ƙugin nan kaɗai ba. Ku kashe ta gaba ɗaya ko ku fita tsakar gida da wayar, ku saurare shi ta wayar kawai. Wani abin mamakin kuma wasu masu in'ina ta gaske in aka sa musu irin wannan jinkirin a kunne maganarsu sakewa take yi, har akwai 'yar na'ura kamar ta masu matsalar ji da ake yi musu don haka.